Daren Tamale: Daga Kiɗan Simpa Zuwa Gidan Kallon Gurugu

Abin da ke tafe shi ne shirin da muka gabatar daren Asabar kan tarihin hira da shaƙatawa a Tamale. Na ɗan gyara shi don ya karantu, na kuma cusa wasu abubuwan da lokaci bai bar ni na faɗa a rediyo ba.

Ƙaramin abu ne ya jawo shirin. Wata Lahadi na je gidan kallo a Gurugu, nan cikin Sagnarigu, irin rumfar kwanon nan mai bencina, da allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. Mun yi sammako, saura kusan awa guda a take wasan Firimiya, sai yaron da ke riƙe da rimot ya shiga zaga tashoshi, ya faɗa kan wasan kurket daga Indiya. Aka ce ya wuce. Wani daga baya ya ce a bari mu gani mana. To fa. Mu wajen talatin, ba wanda ya san dokar wasan, amma kafin minti goma rumfa ta rabu gida biyu, wasu na bayan masu shuɗin kaya, wasu na bayan masu rawaya. Mutum ya maka ƙwallo ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, muka yi ihu wai ya ɓarar, ashe maki shida ya ci. Wanda ya fitar da mu kunya wani tela ne, ya ce shi a fim ɗin Lagaan na Aamir Khan ya koyi wasan, inda 'yan ƙauye suka kara da Turawan mulki don a yafe musu haraji. Ya tashi tsaye yana nuna yadda ake jifa, mu kuwa muna ta gyaɗa kai kamar mun gane.

A bakin rumfar akwai wani dattijo da ke zama kusa da mai shayi. Da na fito na gaishe shi, na ce Baba ba ka shiga ba? Ya ce shi a zamaninsu ba a biyan kuɗi don a kalli wasu na wasa, dare na yin wasa ne da kanka. Na ce to Baba, Rivoli fa? Sai ya yi dariya har da tari, ya ce wannan kuma daban. Daga wannan dariyar shirin ya fito. Na shiga bin tarihin, kuma abin da na tarar shi ne an sha ƙwace wa Tamale darenta, kuma duk lokacin da aka maido mata shi, ba ya dawowa yadda ya tafi.

Bari mu faro daga lokacin da ba lantarki. Tamale ba tsohon birnin sarauta ba ne kamar Yendi, ba kuma tsohuwar kasuwa ba ce kamar Salaga. Tarin ƙauyukan Dagombawa ne, sai a 1907 Turawan Ingila suka ɗauko hedikwatar yankin Arewa daga Gambaga suka kawo nan. Kafin nan, a 1892, yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, wadda fataken goro daga Kano da Katsina da Sakkwato suka ɗauki shekara da shekaru suna yi wa zirga-zirga. Mutanenta suka watsu Kete Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi, kuma da sabon gari ya fara cika, Hausawa da Mosawa da Yarbawa suka kafa zangonsu a Tamale. Unguwanni irin su Gurugu a lokacin gonaki ne da gidajen ƙasa masu jinka, can bayan gari. Birni ne ya iske su.

Daren wancan lokaci farin wata ke ba shi izini. In wata ya haska, yara na dandali, 'yan mata na tafi da waƙa, tsofaffi mata na tatsuniya. In duhu ne, kowa ɗakinsa. Manyan darare kuwa kalanda ce ke kawo su: Damba a watan Maulidi, wanda masu sauraronmu na Daura da kewaye suka sani da sallar Gani, da Bugum, daren wuta na watan cika-ciki. Kiɗa na da masu shi. Lunsi, makaɗan lunga mai kama da kalangu, gado suke yi, su ne ke riƙe da tarihin sarakuna. Masu gonje ma haka, wato 'yan uwan goge namu. Ba ka tashi kawai ka ce yau za ka kaɗa. Akwai wanda ya gada, akwai wanda ake kaɗa wa, akwai ranar da ake yi.

Abin da ya fasa wannan tsari shi ne Simpa, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, don yawancin samarin da ke rawarsa a gidan biki yau sun ɗauka tun kaka da kakanni yake. A'a. A shekarun 1930 ya bayyana a ƙasar Dagbon. Sunan ma baƙo ne: Simpa shi ne sunan gargajiya na garin Winneba, can bakin teku. Kamar yadda masanin kiɗan Ghana John Collins ya bayyana, salo ne da samari suka harhaɗa daga kiɗan gida na Dagombawa da Hausawa, da abin da ke hawowa daga kudu, irin su gome da hailaif, da kuma abin da kunne ya tsinta a faifan garmaho. Ku duba yadda abin ya zo. Hanyar mota ta haɗa Tamale da Kumasi, samari na gangarawa kudu ƙwadago a gonakin koko da ramukan zinariya, su dawo da 'yan kuɗi, da sabon ɗinki, da sabon amo a ka. Wanda ya ga an yi rawa a Kumasi ba tare da an nemi iznin kowa ba, in ya dawo gida zai jira ranar Damba? Sai suka haɗa gangunansu, samari na kiɗa, 'yan mata na waƙa da rawa, unguwa na gasa da unguwa.

Manya ba su so ba. Kuma in ka saurari ƙorafinsu, wallahi kamar yau aka yi shi: yara na kwana waje, maza da mata na cuɗanya, an ɗauko abin wasu an bar na gida. Ku sa wannan a aljihu, za mu sake jin sa sau biyu kafin mu gama. Abin da ya fi damun masu iko dai ba rawar ba ce, bakin mawaƙan ne. Waƙar Simpa na habaici, tana zambo, tana kama sunan abin da ke faruwa a gari. A shekarun 1950 ƙanensa ya biyo baya, Atikatika, na yara da matasa, shi kuma bakinsa ya fi kaifi. Wannan ne karon farko da daren Tamale ya zama na samari, su suka tsara shi, su ke da shi.

Ana cikin haka sai ga allo. Da farko majigi ne, motar gwamnati ta zo fili ta kafa farin ƙyalle ta nuna fim ɗin tsabta ko na noma. Sannan gidajen silima suka buɗe, Rivoli da Victory, waɗanda har yau ake kwatance da sunansu ko ga yaron da bai taɓa ganin an haska fim a ciki ba. An nuna na kaboyi, an nuna na 'yan Sin masu faɗa daga baya, amma wanda ya kama zuciyar garin shi ne na Indiya. 'Yan kasuwa Sindawa da 'yan Labanan ne ke shigo da finafinan ƙasar nan, kuma tun shekarun 1950 suka gane cewa a zango da Arewa kasuwarsu take. Albela, fim ɗin 1951, ya yi shekaru ana maimaita shi a Ghana.

Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, mutanen da ba sa jin Indiyanci, da yawansu ba sa karanta fassarar Turanci da ke ƙasan allo, me suke kallo? Amsar na wajen iyayenmu mata, ku tambaye su. Auren dole suke kallo, da uwar miji, da maraya, da talaka mai son 'yar mai kuɗi, da mace mai lulluɓi da kunya. Sun ga gidansu a ciki. Wanda ya kalli fim sau biyar shi ne tafinta, yana zaune yana gaya wa na kusa da shi abin da jarumi zai ce kafin ya buɗe baki, daidai yadda telan Gurugu ya yi mana da kurket. Kuma waƙoƙin ba su tsaya a silima ba. Wata mai bincike, Katie Young, ta bi sawun yadda karin waƙoƙin Indiya ya shiga makarantun Islamiyya na Tamale, aka ɗora masa yabon Annabi ana rerawa a Maulidi. Mutanen Kano sun san irin wannan a wajen Ushaƙu Indiya masu bandiri. Malamai kuwa suka yi wa'azi a kan silima kamar yadda aka yi a kan Simpa. Ƙorafi karo na biyu ke nan.

Sai 1969, shekarar da ta yi wa daren garin duka biyu. Na farko, rikicin sarautar Yendi tsakanin gidan Abudu da gidan Andani ya yi tsanani har aka rasa rayuka. Ƙungiyoyin Simpa da Atikatika, da yake bakinsu bai iya shiru ba, kowace ta ɗauki ɓangare, hukuma kuma ta hana su wasa na wani lokaci. Na biyu, a watan Nuwamba gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi, ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Masu sauraronmu na Nijar da Nijeriya da Togo da Burkina, da yawanku kakanninku na cikin motocin nan. Wasu a Tamale aka haife su, ba su san wata ƙasa ba. Rumfuna suka zama kango a kasuwa, zango ya yi shiru. In ana lissafin asarar wannan doka, dukiya ake ƙirgawa. Ba a ƙirga cewa waɗanda suka tafi su ne masu cika bencin silima, su ne masu kiran makaɗa biki, su ne masu tsire da masu shayin da ke sa titi ya kai sha biyun dare da rai.

Abin da ya sake tara garin wuri guda ƙwallo ce. A 1976 aka kafa Real Tamale United, kuma cikin jagororin kafa ta akwai Alhaji Aliu Mahama, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009. Filin Kaladan ba ciyawar kirki, ƙura ce da rana, amma a nan Arewa ta samu abin da za ta tsaya da shi gaban Kotoko da Hearts. A nan wani yaro, Abedi Ayew, wanda ake wa laƙabi da Pele, ya yi suna. Yana ɗan shekara 17 ya shiga tawagar da ta ɗauko kofin Afirka a Libiya a 1982. Wanda bai samu shiga fili ba yana manne da rediyo. Ku lura da wannan: ɗan wasan da kake ihu dominsa ranar Lahadi, ranar Litinin za ka iya gamuwa da shi a kasuwar Aboabo, ka ce masa kai jiya me ya same ka?

Ƙwacen dare na biyu ya fi na farko girma, don ƙasar duka ya shafa. Ranar 31 ga Disamba 1981 Rawlings ya karɓi mulki karo na biyu, aka sa dokar hana fitar dare, ta yi kusan shekara biyu da rabi, har cikin 1984. Ku yi tunanin mai silima wanda fim ɗinsa sai duhu ya yi yake haskuwa. Ku yi tunanin 'yan hailaif da 'yan wasan konsat da ke yawo gari gari, ba su da ofis sai dare. Makaɗa da yawa suka tsallaka Legas da Abijan da Jamus. A tsakiyar wannan kuma ga fari da gobarar daji da yunwar 1983, ga 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya da Nijeriya ta koro a farkon shekarar. Abin da aka yi wa wasu a 1969 ya juyo. Wanda ke neman abin da zai sa a baki ba ya tambayar wane fim ake yi a Victory.

Da aka ɗage dokar, mutane sun fito, amma sun tarar dare ya sauya hannu. Bidiyo ya iso. Mutum ɗaya mai talabijin da na'urar kaset da ƙaramin janareto, ya samu zaure ko shago, ya jera benci, ya sa yaro a ƙofa yana karɓar kuɗi: shi ke nan ya zama mai silima. Ba sai ka taka zuwa tsakiyar gari ba, a unguwarku ake yi, kuma da rana ma ana yi, abin da ya sa malaman makaranta suka shiga farautar ɗalibai a gidajen bidiyo. Manyan silimu suka yi ta ja da baya har suka mutu. Ni a ganina kakan gidan kallon Gurugu ke nan, bencin ma bai canja ba.

A nan ne wasannin da ba mu san kansu ba suka fara shigowa da yawa. Talabijin ta fara aiki a Ghana tun 31 ga Yuli 1965, shekara talatin cif bayan rediyon ZOY na 1935, amma a Arewa ta daɗe tana abin gidajen manyan ma'aikata, don wutar garin ta injin dizal ce, sai wajen ƙarshen shekarun 1980 layin Akosombo ya iso. Da wuta ta zauna, sai gidan da ke da akwati ya zama dandali, yara cike da taga. Ana kallon ƙwallon Jamus da GBC ke sakawa, ana kallon damben zamani saboda Azumah Nelson, wanda ya buge Wilfredo Gomez a zagaye na 11 a Disamban 1984 ya zama zakaran duniya. Sai kuma kokawar Amurka. Kai, wannan kokawa ta ci mana musu! Mu da muka san kokawa ta gaskiya, inda da bayanka ya taɓa ƙasa magana ta ƙare, sai ga ƙato an maka masa kujera a ka, ya faɗi kamar ya mutu, ya tashi ya ci wasa. Rabin gari na cewa shiri ne, rabi na rantsuwa da gaske ne. Musun bai mutu ba har 2019, lokacin da Kofi Kingston, haifaffen Kumasi, ya ɗauki babban kambun WWE. Ranar nan har masu cewa shiri ne sun yi murna, suka ce ko shiri ne ai namu aka shirya wa.

Ƙwallon Turai kuwa ta ƙofar 'ya'yanmu ta shigo. A 1993 Abedin nan na Kaladan ya bugo kwanar da Basile Boli ya sa wa kai, Marseille ta ci AC Milan ta ɗauki kofin Turai. A 1995 Tony Yeboah na Leeds yana zura ƙwallayen da har yau ake maimaitawa, kuma a shekarar ce DStv ta fara. Da Michael Essien ya koma Chelsea a 2005, sai ka ce an raba wa garin shuɗiyar riga kyauta. Da farko ɗanmu muke bi. Daga baya ɗan ya yi ritaya, mu muka zauna da kulob ɗin.

Tsakanin waɗannan shekaru aka yi ƙwace na uku, wanda ya fi kusa da mu, ni ina goye lokacin. A ƙarshen Maris 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu a Yendi tare da mutane da dama. Aka kafa dokar ta-ɓaci a Dagbon da dokar hana fita, kuma ba a ɗage ta a Tamale da Yendi ba sai Agustan 2004. Ba zan shiga rikicin ba, ba shi ne shirinmu ba, kuma Alhamdu lillahi tun Janairun 2019 da aka naɗa Ya-Na Abukari na biyu an samu sulhu, Damba ta dawo Yendi bayan shekara 17. Abin da ya shafe mu shi ne sama da shekara biyu samarin Tamale na kallon agogo da yamma. Taron kiɗa ya zama abin tsoro, don waƙa ɗaya na iya tada fitina. Me ya rage? Ƙofar gida, da butar ataya, da rediyon FM da ya fara yawa a lokacin. Zaman bes, wanda 'yan Nijar ke kira fada, Kanawa ke kira majalisa, ya ƙara kafuwa. Kuma ga wani abu da nake zato, zato ne nawa ba hukunci ba: a garin da kowace magana ake auna ta da Abudu ko Andani, NPP ko NDC, Tijjaniyya ko Ahlus Sunna, musun Chelsea da Man U shi ne musun da za ka yi da maƙwabcinka har jijiyar wuya ta tashi, ku rabu kuna dariya. Ƙila shi ya sa muka rungume shi haka.

A 2008 duniya ta zo mana gida. An gina sabon filin wasa mai ɗaukar mutum wajen 20,000 don gasar kofin Afirka, Tunisiya da Senegal da Angola da Afirka ta Kudu suka yi wasanninsu na rukuni a nan, kuma a nan Kamaru ta fitar da Tunisiya da ci 3 da 2 bayan ƙarin lokaci. A 2017 aka sa wa filin sunan Aliu Mahama. To amma ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙungiyar da ya kafa ta faɗi daga babbar gasa a 2013, ta dawo a 2021, ta sake faɗuwa a 2024. Garin da ya haifi Mubarak Wakaso da Majeed Waris da Baba Rahman da Fatawu Issahaku, ba ya ganin 'ya'yansa da ido sai ta faranti. Filin na cika, ba a ce ba ya cika ba, amma mawaƙa ne suka nuna yana cikuwa, Fancy Gadam da Maccasio, jikokin Simpa in ka bi salsala, da Dagombanci suke waƙa, unguwa na gasa da unguwa kamar dā. Fancy Gadam har ya ɗauki kyautar waƙar shekara ta Ghana a 2018. Wato mutane ba su daina fita don abin gida ba. Ƙwallon gidan ce ta kasa riƙe su, kuma kafin mu zagi samari sai mu tambayi masu tafiyar da ita.

Yanzu dare na bin agogon wasu. Gasar zakarun Turai na farawa ƙarfe takwas a nan lokacin sanyinsu, ƙarfe bakwai in sun tura agogonsu gaba, sai ta yi karo da Isha'i, kuma kowane limami a Tamale ya san daren Talata da Laraba ba sai an gaya masa ba. Ku na Maraɗi da Katsina kuna gabanmu da awa guda, ku kun idar kafin a take. Wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, sha ɗaya da rabi na dare yake farawa a nan, ya kai ukun dare, kuma akwai masu zama, ko don Ezekiel Ansah ɗan Accra ya taɓa yin suna a ciki. Har gwamnati ta san nauyin abin: a gasar kofin duniya ta 2014, ana tsakiyar dumsor, sai da aka sayo wuta daga Kodebuwa aka kuma nemi kamfanin Valco ya rage aiki don kada talabijin ya mutu ana wasa. A wannan gasar ce kuma aka tada bam a gidan kallo a Damaturu, daren wasan Brazil da Mexico. 'Yan uwanmu na can sun san ƙwacen dare fiye da yadda muka sani, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ƙorafi karo na uku, wato na yau, shi ne gidan kallo na lalata yara. Da na ga an faɗi haka a kan Simpa da silima, sai na so in yi dariya in wuce. Amma akwai abu biyu da suka hana ni.

Na farko caca. A rumfar Gurugu, da aka take wasan da muka zo dominsa, na lura kusan rabin bencin ba allo suke kallo ba, waya suke kallo. Wani na goyon bayan kulob ɗinsa amma yana addu'a a ci su ƙwallo ɗaya, don haka ya cika a tikitinsa. Wani ya sa kuɗi a wasan wata ƙasa da bai iya nuna ta a taswira ba. Kurket ɗin da muka yi wa dariya ma, yaron rimot ya ce mini akwai masu sa kuɗi a kai ba tare da sun san dokarsa ba. Gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari kan abin da aka ci a 2023, samari suka yi ca, aka soke shi a 2025. Da aka sa da aka cire, ba wanda ya tambayi kuɗin makarantar da ya narke. Ɗan Simpa in ya kwana waje, barci ya rasa. Wannan kuwa jarin yalo-yalonsa yake rasawa.

Na biyu, ina mata? A Simpa su ne masu waƙa, su ne masu rawa, ba su ba wasa. A Rivoli da Victory suna cikin manyan masu kallo, har yau su ne ke riƙe da waƙoƙin a ka. A gidan kallo kuwa, ranar nan mace ɗaya na gani, ita ma ruwan leda ta kawo. Darensu ya koma ɗaki: finafinan Dagombanci da na Kano, da wasannin Indiya masu dogon zango irin Kumkum Bhagya da aka juya zuwa Twi tun 2015, sai kuma ranar biki. Da muka buɗe waya a shirin, wata Hajiya daga Sabonjida ta kira ta ce ita da ƙawayenta sun fi 'ya'yansu mata yawon dare nesa ba kusa ba, kuma da saninsu iyaye, don a rukuni suke tafiya a rukuni suke dawowa, titi cike da mutanen da suka san su. Ta ce yanzu ga fitila ko'ina, ga babura, ga masu gasa zabi da masu indomi har ɗayan dare, amma ba za ta bar jikarta ta je ko'ina ba. Na ce Hajiya me ya canja? Ta ce dā dare na unguwa ne, yanzu na mai kuɗin shiga ne. Wani saurayi daga Dapaong ya kira bayanta ya ce bai yarda ba, tsofaffi kullum zamaninsu ne mai kyau. Ta sake kira don ta rama, lokaci ya ƙare mana.

Saboda haka za mu koma kan maganar Asabar mai zuwa, kuma ga roƙona. Duk wanda ya taɓa kaɗa Simpa ko rera ta kafin 1969, duk wanda ke da tsohon hoto na ƙofar Rivoli ko Victory ko filin Kaladan, duk wadda ta tuna daren farko da ta fita bayan an ɗage dokar 1984 ko ta 2004, da inda ta je, ya leƙo tashar ko ya aiko saƙon murya, da Hausa ko Dagombanci duk ɗaya ne. Baban nan na bakin rumfar Gurugu ya riga ya yi alkawarin zuwa, da sharaɗin kada in tambaye shi da wa yake zuwa Rivoli.